Hannu a Kan Baki

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da Mutuniyata da sabon baƙonmu. Ni lafiyata lau, sai gwiwa da take riga kowa gaishe ni da safe.

Hoto ya iso! Ina zaune a ƙofar gida Direba mai kawo mini saƙonku ya miƙo mini ambulan, ban jira na shiga ciki ba na yage bakinta. Auta, sai da na miƙe tsaye. Na kai wa Tela ya gani, na kai wa Mai aski, har mai karatun mita da ba ruwansa sai da na tsayar da shi na ce zo ka ga jikana. Tela ya ce yaron kunnuwana ya ɗauko. Na ce to Allah Ya sa nasa su fi nawa ji. Da Innarku tana da rai, da yanzu ta ce mijinta na gaskiya ya iso, ni in tattara tsummokarana in ba su wuri. Allah Ya ji ƙanta.

Kada ki ce don me ban kira ba. Kin san shekara talatin a gaban injin masaƙa ta cinye mini kunne, a waya sai in riƙa jin ki kamar kina magana a cikin tulu. Kuma tunda na sha wahala na koyi rubutu da furfurata a ajin yamma, ba zan bar shi ya yi tsatsa ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a hoton. Maigidanki yana dariya har ana ganin turamensa, ke kuma hannunki a kan baki. Wannan na saba da shi. Amma Mutuniyata fa? Yarinya 'yar shekara bakwai, ita ma hannunta a kan baki. Me take ɓoye wa kakanta? Ki ce mata in ba ta yi mini dariya a hoto na gaba ba, mun ɓata.

Allah Ya raya, Ya yi muku albarka.
Mahaifinki.

*

Zuwa ga Baba,

Wa'alaikumus salam. Gaisuwa da ladabi. Mun ji daɗin wasiƙarka, Mutuniyarka ce ma ta karanta mana rabi, tana tsayawa tana haɗa baƙaƙe.

Baba, abin da ka gani a hoton ni ma shi na gani, kuma ya hana ni sukuni. Na tambaye ta, "Ke don me kike rufe baki?" Ta ce, "Ai haka mata suke dariya, Mama." A wajena ta koya. Kuma haƙoranta na gaba da suka fito bayan famfara sun fara turowa waje, irin nawa sak. Kai ka san yadda aka riƙa kirana Zomo tun daga aji uku har na gama makaranta. Yau ni ce malama, amma har yanzu allo nake fuskanta in zan yi magana mai tsawo. Shekarata talatin da shida. Na yanke shawarar gyara haƙorana, don yarinyar nan ta ga uwarta ta yi dariya ko sau ɗaya.

A hutun haihuwar nan na je wurin likitocin haƙori uku. Na farko, wurinsa sai ƙyalli, ga kujeru masu taushi ga talabijin. Ko hoton ƙashi bai ɗauka ba, ya leƙa bakina ya ce zai ba ni wata roba garai-garai da ake sawa ana cirewa, wata shida an gama. Na biyu dattijo ne. Ya ce haƙora huɗu zai cire ya ɗaura waya, kuma duk maganar nan ya juya mini baya yana wanke hannu. Na ce, "Likita, huɗu?" Ya ce, "Na gaba ya shigo."

Ta uku mace ce, ɗakinta ƙarami a saman wani kantin magani, fankarta ma tana ƙara. Ta ɗauki hoton muƙamuƙina, ta kafa shi a jikin fitila, ta nuna mini da biro. Ta ce sai an fara jinyar dasashina tukuna, sannan a cire haƙora biyu, a ɗaura waya shekara biyu da rabi. Ko an gama, ba zai yi daidai ɗari bisa ɗari ba, don ƙashin ya riga ya gama girma. Ta ce, "Da kina yarinya aka kawo ki, da wannan aikin wasa ne. Ba wanda ya taɓa duba ki?"

Na ce an duba. Ka tuna likitocin da suka zo makarantarmu ina shekara sha ɗaya, suka ba ni takarda a ambulan in kai wa iyayena? Na ba Inna, daga baya ta ce ta ɓace mata a cikin wanki.

Wanne kake ganin zan zaɓa? Maigida ya ce na robar, don a gama da wuri.

'Yarka,
Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ki shafa mini kan yaro, ki ce wa Mutuniyata karatunta ya kusa kamo nawa, ta rage gudu.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Ban san aikin haƙori ba, nawa ma guda tara suka rage kuma ba sa ga maciji da juna. Amma na san inji. A masaƙa, in makaniki ya zo bai buɗe inji ba ya ce miki yau zai tashi, to ki shirya zaman mako biyu. Mai robar nan bai buɗe inji ba. Dattijon kuma, mutumin da ba zai dube ki yana magana ba, yaya za ki yi shekara biyu kina buɗe masa baki? In wani abu ya yi zafi, wa za ki gaya wa, bayansa?

Ki tafi wajen matar nan mai fanka. Ita ce ta gaya miki abin da ba kya son ji. Amma kafin ki yarda, ki tambaye ta sau nawa za ki riƙa komawa, kuma in waya ta tsinke ranar da ba aiki, ina za ki same ta. Ki ce ta rubuta miki duk tsarin a takarda, daga farko har ƙarshe. Sannan ki karanta takardar a gabanta, kada ki ninke ta ki sa a aljihu. Ki kai mata Mutuniyata ma ta duba, kada ki ce sai an kwana biyu.

Maganar waccan takarda ta makaranta kuwa, abin ya daɗe. Akwai abin da na fara rubutawa a nan na soke, za ki ga wurin ya yi baƙi. Biron ne yake yoyo.

Allah Ya ba da sa'a.
Mahaifinki.

*

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, wata biyu ke nan. Na bi shawararka. Likita ta rubuta mini komai, an gama jinyar dasashi, shekaranjiya aka cire haƙoran biyu. Mako mai zuwa za a ɗaura waya. Yanzu haka kuncina a kumbure yake, Mutuniyarka tana cewa na ɓoye alewa na hana ta.

Ba ciwon ne ya sa na ɗauki biro ba. Ina kwance a kujerar nan, fitila a idona, Likita tana cewa in ƙara buɗewa, sai Inna ta faɗo mini a rai. Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Saura kwana kaɗan bikina, aka kawo hotunan da muka ɗauka, na gan su na watsar da su ƙasa ina kuka. Inna ta shigo tana lallashina, na ce mata, "Sakacinki ne ya bar ni da wannan bakin. Takarda guda ɗaya kika kasa riƙewa." Baba, sai kawai ta sunkuya. Ta tsince hotunan daga ƙasa, ta goge su da gefen zaninta, ta jera mini a kan gado, ta fita. Na yi ta cewa zan ba ta haƙuri, yau, gobe, har shekara biyar da suka wuce aka kira ni aka ce ta cika.

A kan kujerar nan hawaye suka zubo mini, Likita ta ɗauka allurar kashe zafi ce ba ta kama ba.

Kai da ka zauna da ita, ta taɓa yi maka zancen? Ta yafe mini?

'Yarka,
Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Yau ba wasa a wasiƙata.

Biron ba ya yoyo. Ƙarya na yi miki, kuma ba ita ce ta farko ba.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga wata tsohuwar takarda, ta yi ja, ta kusa rabewa a wurin ninki. Ita ce. Ba ta taɓa shiga wanki ba. Ranar da kika kawo ta, Innarku ta ba ni, don ni ne mahaifi. Lokacin kuna ganina da biro a aljihun riga, ina buɗe jarida a gabanku, kun ɗauka na iya karatu. Hotuna nake kallo. Innarku kaɗai ta san ban iya ba. Ta ce, "Malam, ka ba yarinyar ta karanta mana." Na ce ba zan tsaya a gaban 'yar cikina tana koya mini ba, gobe zan kai wa akawun masaƙa. Na kai. Na tarar da shi yana yi wa wani abokin aikina dariya don ya dangwala yatsa a maimakon sa hannu, ana ta shewa. Na mayar da takardar aljihu. Na ce sai gobe. Da goben ta yi yawa, na jefa ta ƙasan akwatina. Da kika matsa da tambaya, Innarku ta ce ta ɓace mata, don ta rufa mini asiri.

Ranar hotunan nan ina nan, Auta. Ina bayan labule ina gyaran rediyo. Na ji duk abin da kika ce mata. Ban fito ba. Da ta zo wucewa ta dube ni, na sunkuyar da kai a kan rediyon.

Bayan rasuwarta na shiga ajin yamma. Mutane sun ce kaɗaici ne ya kai ni. Takardar nan ce. Ranar da malaminmu ya ce na iya, na dawo gida na buɗe akwati. Layi uku ne kacal: a kawo yarinya asibitin haƙori ranar Talata da ƙarfe tara na safe, kyauta ne, kada a jinkirta don gyaran yana da sauƙi kafin ƙashi ya gama girma. Shekara ashirin da biyu na yi kafin in karanta layi uku.

Kin tambaya ko ta yafe miki. Ba ta taɓa riƙe ki ba. Da yammacin ranar ta ce mini, "Yarinyar tana da gaskiya, an yi mata sakaci. Ba ta dai san mai shi ba." Daga nan ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta koma ga Allah.

Ba na cewa ki yafe mini. Na dai gaji da barin ta tana ɗauke da kayana alhali tana kabari.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Direba ya zo sau huɗu hannu wofi. Ba ƙorafi nake ba. Ina so in ji ko an ɗaura wayar lafiya, da abin da Likita ta ce a kan Mutuniyata. Ko ita ki sa ta rubuto mini layi ɗaya. Hotonku yana nan na jingina shi a jikin rediyo. Tela yana tambayar mai kunnuwa.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. An ɗaura waya. Tana yanka mini leɓe, abinci sai mai ruwa-ruwa, amma ina jurewa. Na koma aiki, yara suna leƙen bakina, na bar su su leƙa.

Na karanta takardar. Na karanta taka. Maganar Inna ban iya rubuta ta ba tukuna, in na fara sai hannuna ya ƙi. Kada ka tambaye ni yaushe.

Likita ta duba Mutuniyarka. Ta ce an kawo ta a kan lokaci, ba za a cire mata ko ɗaya ba. Za a fara nata bayan wata biyar. Katin da ke cikin ambulan ɗin nan nata ne, da rana da lokacin komawa. Ban kwafe shi a ko'ina ba, kuma na hana kaina haddacewa. Kai za ka riƙe shi. Ka karanta, in lokaci ya matso ka rubuto ka tuna mini.

'Yarka,
Auta.