Katakon Bakin Ƙofa

Zuwa ga ɗana, Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana samun sauƙi. Yaya jiki, yaya wurin ɗinkin? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Albishirinka, an sa ranar auren 'yarka, amaryata, ƙarshen watan gobe. Yaron nan mai gyaran firiji ya ƙwace mini ita da rana tsaka, ni kuwa ko kishi na kasa yi, bakina ya ƙi rufuwa. Na ce mata ta yi asarar tsoho mai fansho, ta ce fanshon da ko man shafawa bai taɓa saya mata ba. Tun rasuwar uwarta ban ji dariyarta irin ta kwanakin nan ba.

Hidimar kayan haya ni na karɓa. Mutumin farko da na je wurinsa kujerun roba gare shi, rana ta cinye su, ina zama a ɗaya ƙafafunta suka baje. Wani kuma yana da zauren biki har da fanka, amma a bene yake. Ina ganin matakalar na juya. Dangin ango sun so wurin, na ce musu gwiwata ba za ta iya ba. A tsakar gidanmu za a yi. Na tsaya a kan Mai Rumfa na bayan tasha, rumfarsa ba faci, kujerunsa na ƙarfe. Na zaɓar maka guda mai hannu, mai nauyi, wadda in mutum ya dafa zai tashi ba za ta goce ba.

Maganarmu tana nan yadda ka ce. Ba wanda ya san an yanke ƙafar, har ita. Abin da ta sani, babbar motarka ta faɗi, kana jinya a can. Da hannuna nake rubuta maka, albarkar ajin daren nan da kuke yi mini dariya a kansa, don haka babu na uku a tsakaninmu. Ka zo, ko da ana gobe biki ne.

Ka huta lafiya.
Mahaifinka

*

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Amsarka ta iso, na ga ka ce za ka duba. Na karanta kalmar nan har takardar ta yi laushi.

Akwai abin da ya faru. Mai Rumfa ya zo auna tsakar gida, sai na roƙe shi ya shimfiɗa katako a kan matakalar ƙofarmu. Na ce masa saboda shigo da janareta ne. Ya dubi ƙofar, ya dubi inda na ce a ajiye kujera mai hannu, kusa da banɗaki, sannan ya matso ya tambaye ni a hankali ko mai zuwan a keke yake ko da sanduna, don ya san yadda zai kwantar da gangaren. Ya ce shekarunsa a sana'ar nan, bai taɓa ganin janaretan da ake zaɓar wa kujera ba. Washegari ya kawo katako mai kauri, ya buga masa ƙananan sanduna a gicciye saboda santsi.

Ita kuma 'yarka ashe tana lura. Ta ga na ƙi bene alhali kullum ina hawa rufi gyaran yoyo. Ta ji na hana mai lasifika kiran uban amarya ya fito fili. Ta ga katakon. Jiya ta kawo mini ruwa, ta tsaya a kaina, ba wasan da muka saba, ta tambaye ni ta dama ce ko ta hagu. Babana, ban iya yi mata ƙarya ba. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ɗauki tsintsiya ta je ta share katakon, duk da ba ƙura a kansa.

Da bakina ban faɗa ba, kayan da na zaɓa ne suka faɗa. Kada ka sa wannan ya hana ka zuwa.

Allah ya ƙara sauƙi.
Mahaifinka

*

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki?

Saƙonka ya same ni ana kafa rumfa. Ka ce tunda 'yarka ta gane, unguwa ma ta sani ke nan, ba za ka zo a yi kallonka ba. Na ninke shi na sa a aljihu, na ci gaba da jera kujeru.

An yi biki, kuma ba zan ɓoye maka ba, na yi murna har na ji kunyar kaina. Rumfar ba ta motsa ba, abinci ya isa kowa, amaryata ta yi kyau kamar uwarta. Kujerarka tana nan inda na ajiye. Kawun ango ya zauna a kai, amarya ta taso da kanta cikin kwalliyarta ta tashe shi, mutane suna kallo. Duk motar da ta tsaya a waje sai 'yarka ta ɗaga kai. Daga baya ta daina ɗagawa.

Da za a tafi da ita na tambaye ta ko tana da saƙo gare ka. Ta ce babu. Ta ce ita uba ta nema, ba ƙafa ba. Ta ce duk ranar da ta zo gida katakon za ta fara dubawa, ko akwai sawun tayar kekenka.

Mai Rumfa ya kwashe kayansa, har kujerar. Katakon ne ya bari, ya ce daidai ƙofarmu aka yanka shi, ba zai shiga ta kowa ba. Maƙwabta suna tuntuɓe da shi, suna cewa in cire. Ruwan sama ya fara kumbura gefensa. Na shafa masa fenti, amma katako ne, Babana. Ka zo kafin ya ruɓe.

Ni ne mai jiranka,
Mahaifinka