Gurasar Mutanen Dutse

Zuwa ga matata Ragnfrid,

Gaisuwa mai yawa tare da kewa. Ya jikin Inna? Ya yara, ya tumaki? Ni lafiya lau, sai ƙafafu da suka kumbura da hawan dutse.

Na fito ban yi miki cikakken bayani ba. Kin san shugabanmu Torgils da zafin kai. Tun da Mutanen Dutse suka toshe mana hanyar makiyaya yake wasa gatari. Na miƙe a taro na tambaye shi, mutanen da ke shigewa cikin dutse kamar ruwa a yashi, ta ina za a sare su? Ya ce tunda bakina ya fi hannuna kaifi, in je in gwada. Kwana tara ya ba ni. In babu sulhu, maza sittin za su hau, har da ƙanenki Eyvind da ko kaza ba ya iya yankawa.

Na ga sarauniyarsu, tsohuwa ce mai son dariya. Ashe ba ƙasarmu suke so ba, gishiri ne, awakinsu na mutuwa da rashinsa. Buhu goma duk kaka, su buɗe hanya. Gobe za a ƙulla cinikin.

Naki,
Asgaut

Ragnfrid tawa,

Ina gaishe ki, ina fata kowa lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

A wurinsu ciniki ba ya ƙulluwa sai manzo ya ci gurasarsu, kuma kin san wanda ya ci ba ya saukowa sai bayan shekara bakwai. Na roƙi a karɓi rantsuwa, na miƙa zobena. Tsohuwar ta ce, "Ɗan mutum, alkawarin da ba a bar kowa jingina a kansa ba ai iska ce."

Na ci, Ragnfrid. Ban shawarce ki ba, kuma na san na ɗora miki kaya. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Amma da a haƙa kabari sittin, gara a rasa mutum ɗaya a bakin murhu.

Ki ce wa Torgils ya turo gishirin. Wannan ce wasiƙa ta ƙarshe da suka yarje mini. Idan ƙanƙara ta narke kika hau da tumaki, akwai wani farin dutse a bakin rafi. Ki zauna nan ki yi mini magana, ko da zagi ne. Sun ce zan riƙa ji, amsawa ce kawai ba zan iya ba.

Mijinki,
Asgaut