Na Taɓa Kifin, Yaya Olinka

Yaya Olinka,

Ranar da aka zo da labarin kwalekwale ya kife da Wasili, ina tsakiyar gyaran kifi kika zare wuƙar daga hannuna. Kika ce, "Mai takaba ba ta taɓa kifi, sai ya yi fushi ya bar kogin." Ƙanenki ne, mijina ne, ban yi miki musu ba. Yau kwana goma sha tara.

To, na taɓa. Kina barci maƙwabcinmu Evon ya kawo kifin salmon biyu, ya tsaya yana neman wanda zai miƙa wa. Na ce, "Kawo nan, ba kuturta gare ni ba." Na gasa ɗaya, na yi masa ɗan romo da albasa da mai da ganyen tsamin bakin rafi. Naki yana tukunya. Ki ɗumama a hankali, kada ki ƙara gishiri.

Na kwashi yara mun tafi rumfar shanyar kifi. Saura sati biyu lokacin kifin ya wuce, kuma rumfar kowa ta yi ja da naman kifi sai tamu. In ƙanƙara ta rufe kogi, takaba zan dafa wa yara uku? In kin ga dama ki kai ƙarata wurin tsofaffi, sun san inda nake.

Na gutsura wa Wasili nasa na ajiye a bakin ƙofa, kamar kullum. Kada ki share. Shi dai bai taɓa ƙin abin hannuna ba.

Matrona