Dalilin da Ya Sa Hamisu Yake Miƙa Hannun Hagu

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar kurket da ɗana yake yi wa wasa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyalinka, da dukan yaran da Allah ya damƙa a hannunka. Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba. Sunana Rabi, ina zaune a wani ƙauye da ke tsakanin Mai'aduwa da Kwangwalam, a ƙasar Daura. Ni ce mahaifiyar dogon yaron nan mai jifa da 'yan kallonku suke kira Harsashi. A gida sunansa Hamisu, na biyar a cikin 'ya'yana, shekarunsa goma sha tara.

Sai da na yi jikoki sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma da hannuna na rubuta wannan takarda, domin maganar ba ta aike ba ce. Na sha kiran mutumin da ya kawo takardun da mahaifin Hamisu ya sa wa hannu, kullum sai ya ce yana cikin taro. Shi ya sa na fito fili. Kuma akwai mutanen garinmu da nake so su ji tare da kai.

Na ɗaya, godiya. Hamisu a gona ya koyi jifa. Idan gero ya fara nuna, shi ake turawa korar tsuntsaye, kuma bai taɓa son majajjawa ba, da hoge yake jifa da hannu. Malamin wasanni na makarantarsu a Daura ne ya gan shi ya ce wannan hannu yana da amfani. Mu dariya muka yi. Har yau ban gane wasan nan sosai ba. Ina kallonsa a wayar jikata, na ga mutane sanye da fararen kaya suna tsaye a rana, ɗaya ya jefa, ɗaya ya doka, sai a yi ta gudu tsakanin 'yan sanduna. Idan na ga kowa ya rugo ya rungume ɗana, na san abin kirki ya faru, sai na yi guɗa. A dalilin wasan nan an yi wa ɗakina rufin kwano, damina biyu ke nan ban tara kwarya a ƙarƙashin yoyo ba. Allah ya saka muku da alheri.

Na biyu, abin da suna ya jawo. Tun da hotonsa ya shiga waya, Hamisu ya zama Alhaji bai je ko filin jirgin alhazai ba. Idan ya zo hutu, kafin a sauke koko zaure ya cika. Wannan yana son babur na haya, wancan jarin awaki, wani kuma ya ce tare suka yi kiwo suna yara, alhali Hamisu bai taɓa kiwo ba. Maroƙa sun haɗa masa kirari har da kakannin da ni ban san da su ba. Ya je kasuwar Mai'aduwa sayen rago, dillalai na ganinsa ragon ya tashi daga kuɗin rago ya koma kuɗin maraƙi, shi kuma kunya ta hana shi tayawa. Mahaifinsa, wanda ya tsufa a cikin cinikin dabbobi, da ya ji farashin sai da ya nemi wuri ya zauna. Duk wannan da dariya muka ɗauke shi. Ban lura ba cewa yaron ya daina iya cewa babu.

Na uku, shi ne dalilin takardar. Bayan Babbar Sallah an yi sunan ɗan yayarsa a Mashi, Hamisu ya zo. A gaban jama'a ya durƙusa ya gai da Baffansa, wan mahaifinsa, ya ciro ambulan na alheri ya miƙa masa da hannun hagu. Ranka ya daɗe, ban san yadda abin yake a wurinku ba, amma a nan ko yaron goye aka ga ya karɓi abu da hagu sai an buge hannun. Baffa ya dubi ambulan, ya dubi yaron, ya kau da kai bai karɓa ba. Da aka kawo fura, Hamisu ya sake ɗaukar ludayi da hagu. Kafin mu dawo gida labari ya riga mu isowa. Aka ce kuɗi sun lalata ɗan Rabi, aka ce ya koyo ɗabi'ar birni, har wata ta ce wai a can haka masu kuɗi suke miƙa abu don a san ba su damu da shi ba. Mahaifinsa ya kwana biyu ba ya amsa masa gaisuwa. Ni ma, Allah ya yafe mini, na yarda.

Wanki ne ya fara tona asirin. Na ɗauko rigarsa na ji kafaɗar dama tana warin man zafi, na ɗauko wata, ita ma haka. Da safe na leƙa na gan shi yana sa kaftani, yana lanƙwasa jiki kamar mai shiga rumbu. Da ya shigo gaishe ni, sai na ce ya sauko mini da kwaryar da ke kan ragaya, ya riƙe ta da hannu biyu don akwai nono a ciki. Yaron da yake kakkaɓo mangwaro daga ƙololuwar bishiya ya tsaya yana kallon ragaya kamar bai taɓa ganin irinta ba. Ya ɗaga hannun dama, bai kai ko kunnensa ba ya tsaya. Ya juyo ya ce, “Inna, don Allah kada kowa ya ji.”

Ya zauna ya faɗa mini komai. Kafaɗar ta daɗe tana ciwo. Ya ce wasan da mutum ya buga shi ake biyansa, wanda ya zauna a benci ba shi da komai, kuma bayansa akwai yara da yawa da ke jiran wurin. Ya gaya wa mutumin nan mai yawan taro, shi kuwa ya ce ya haɗiye ƙwayar kashe ciwo ya ci gaba da jifa har gasa ta ƙare, kada ya bari likitan ƙungiya ya sani. A ɓoye ya je wurin wani maɗori a Dutsi. Tsohon ya lalluba kafaɗar ya ce ba karaya, ba gocewa, babu abin ɗauri, hannu ne ya gaji yana neman hutu, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Na tambayi Hamisu me ya hana shi gaya wa Baffa gaskiya a Mashi. Ya ce wurin cike yake da masu waya, kafin la'asar labarin zai kai gare ku. Wato ɗana ya gwammace a kira shi marar kunya a garinsu da a kira shi mai rauni a wurin aikinsa.

Na huɗu, ƙorafina. Kun ɗauki yaro kun ba shi kuɗin manya da sunan manya, amma ba ku haɗa shi da babba ko ɗaya da zai iya gaya wa cewa jikinsa na ciwo ba tare da tsoro ba. Kuna da masu ƙirga yawan mutanen da ya fitar a wasa, har a waya ana rubutawa. Wa yake ƙirga yawan jifan da hannun ya yi? A nan ko shanun huɗa ne, idan rana ta take ana kwance su a kai su inuwa, kuma ba a hana su dusa don sun huta.

Don haka ga roƙona. Ka sa likita na gaske ya duba kafaɗar, a yi mata hoto, a gaya mana sakamakon da Hausa. A ba shi hutu har ya warke, kuma a rubuta masa a takarda cewa wurinsa yana nan, domin da baki ba zai yarda ba. A riƙa ba yaron da ya ji ciwo abin da zai riƙe kansa, don kada wani ya sake ɓoye irin wannan. A raba mutumin nan da yara, ko aƙalla a rage masa taro. Sannan a riƙa ajiye musu wani kaso na kuɗinsu inda ba za su iya taɓawa ba sai sun ƙara hankali. Idan ɗan ƙauye ya ce wa masu cika zaure kuɗin suna kulle, ya sami abin faɗa ba tare da an ce ya yi rowa ba.

Ku kuma mutanen garinmu, yanzu kun ji. Masu jiran babur ku ɗan dakata. Wadda ta ce haka masu kuɗi suke miƙa abu ta san kanta, kuma na yafe mata.

Ban aiko da takardar nan a bayan idon Hamisu ba. Na karanta masa ita a waya daga farko har nan. Da fari ya ce na kashe shi, korarsa za ku yi. Na ce idan aka kore shi da hannu biyu, gona tana nan, idan kuwa ya zauna har hannun ya mutu, babu ku, babu gona. Daga ƙarshe sai ya ce in gyara wuri ɗaya, wai ba kullum suke sa fararen kaya ba. Na ce ba zan gyara ba, wannan dai haka na gani. Ya yi dariya ya ce in aika, amma in rubuta cewa yana son ƙungiyarsa kuma ba ya so ya bar ta. Ga shi na rubuta. Ina roƙonka kada gaskiyar da uwarsa ta faɗa ta zama sanadin korarsa.

Jiya ni da mahaifinsa muka je Mashi, inda Baffa yake zaune, don bai dace Baffa ya ji wannan a bakin duniya ba. Na kai masa ambulan ɗin, wanda tun ranar suna yake cikin akwatina. Ya saurara har na gama, ya share ido da bakin rawani, amma ya ƙi karɓa. Ya ce, “Mayar ki ajiye. Shi zai kawo mini da kansa, da hannun dama. Ni ba sauri nake yi ba.”

Ambulan ya koma akwati, ranka ya daɗe. Ranar da zai fito tana hannun Allah, sannan tana hannunka. Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya ba ƙungiyarka nasara, ya raya maka naka 'ya'yan, ya mayar wa kowace uwa ɗanta da gaɓoɓinsa cikakku.

Wassalam.

Rabi, mahaifiyar Hamisu,
daga ƙasar Daura.