Maraƙar Fauziyya da Sabulun Baƙuwa

Unguwar Yerimaram,
Potiskum, Jihar Yobe.
7 ga Janairu, 1997.

Zuwa ga ɗana Safiyanu a Fatakwal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar alheri, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da mai jego Murjanatu da amaryata Fauziyya. Allah Ya ƙara wa mai jego lafiya, Ya kawo ruwan nono, Ya raya mana yarinyar nan bisa tafarkin addini. Mu nan duk lafiya lau. Ciwon gwiwar mahaifiyarka Dada ya yi sauƙi, baffanka Dabo yana nan da shanu a bayan gari, ƙanwarka Bilkisu kuma ta zo daga Damagum ta kwana biyu ta koma. Ana ta shirin azumi, gero ya ɗan hau amma ba a rasa ba.

Tun ranar da direban motar shanu ya tsaya a ƙofar gida ya ce an sauka lafiya an sami mace, ban san inda zan sa kaina ba don murna. Na bi masallaci da majalisa ina faɗa, har wanda na riga na gaya wa nakan sake tare shi. Malaminmu na makarantar yamma, wanda ya koya mini riƙe alƙalamin nan da furfura a gemuna, ya ce in ban yi hankali ba zan tsayar da motocin Maiduguri in sanar da fasinja. Dada kuwa ta ce wai na yi sabuwar amarya na manta da tsohuwa, ko gaisuwar safe sai ta roƙa. Shekarun da kuka yi kuna jira, da mu aka yi jiran. Alhamdu lillahi.

To, ga abin da ya sa na zauna rubutu, kuma ina so ka ji shi daga bakina kafin wani ɗan kasuwa ya kai maka shi a karkace. Ka san al'adarmu, ba a barin jariri hannu wofi, ana yanka masa rabonsa a cikin garke. Ranar da kuka yi suna a can, mu ma mun taru a nan, na tsaya gaban liman da dangi, har da kawunnan Murjanatu da suka zo daga Nangere, na ce abin da ke cikin Wule na Fauziyya ne. Wule ita ce jar karsanar nan mai farin goshi da ka bari tana ƙarama, wannan ne cikinta na fari. Ka kuma san yadda mutanenmu suke sa ido a kan dabbar farko ta yaro. In ta rayu ta hayayyafa a ce yaro mai arziki ne, in ta mutu ba wanda zai faɗa a gabanka, amma tsofaffin mata za su riƙe shi har ranar aurenta. Ni na san rai da mutuwa na Allah ne. Bakin mutane nake ji wa yarinyar.

Sai in ba ka labarin baƙin Zarami. Ka tuna Zarami, dogon nan da ya yi tuƙi a ma'aikatar rijiyoyi? Yanzu ya sami wata sana'a. Lokacin hutun ƙarshen shekara Turawa da wasu 'yan Kudu sukan biyo ta garin nan za su kallon tsuntsaye wajen Gashuwa, shi kuma sai ya tsayar da su kwana biyu ya zaga da su. Ya ce waɗannan ba kallo kawai suke so ba, so suke su sa hannunsu a cikin aiki. Yakan kai su gidan Fanne mai tukwane su cuɗa yumɓu, ya kai su wajen matan da ke saƙar faifai, ya kai su gindin tsamiya inda ake zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi, ya ratsa da su kasuwar shanu. Bana ya sake roƙona in bari ya kawo su gidanmu su ga tatsa da kaɗa nono da dakan fura. Da can na ƙi. Amma bana zuciyata a buɗe take, ko wa ya roƙe ni abu sai in ce to.

Ranar Asabar suka zo, kuma da safiyar ranar Wule ta haihu. Mace ta haifa, Safiyanu, ja kamar uwarta, har da farin goshin. Na ce wannan rana ta haɗa mini komai. Baƙin su biyar ne, da wata Bayarabiya ma'aikaciyar asibiti a cikinsu. Sun shigo da abin da suka yi a gidan Fanne, kowa yana rungume da nasa. Dada ta ɗauki na wani dattijo ta jujjuya, ta tambayi Zarami ko tukunya ce ko hula. Aka ba dattijon taɓarya, ya ɗaga ta sama da ƙarfi ya sauke a bakin turmi, gero ya watse, kaji suka yi ta murna. Wata ta kama gora tana kaɗa nono har ta gaji, man bai tashi ba, Bilkisu ta karɓa ta girgiza kaɗan sai ga shi. An yi dariya ƙwarai, su ma suna yi. Ni kuwa ban iya riƙe bakina ba, na ja su har turke na nuna musu maraƙar, na sa Zarami ya fassara musu cewa ta jikata ce da aka haifa a Fatakwal. Wata mai jan gashi a cikinsu, Zarami ya ce Hilda sunanta, ta durƙusa tana kallonta har idonta ya kawo ruwa.

Da aka kira azahar muka tafi masallaci da Zarami, Dabo kuma ya ja Wule rijiya ya shayar da ita. Maraƙar tana kwance, uwar ba ta gama lashe ta ba, jikinta duk yauƙin haihuwa da ƙasa. Baiwar Allah nan Hilda ta ga abin ya ba ta tausayi. Ta ɗebi ruwa a randa, ta ciro sabulu mai ƙanshi da tawul daga jakarta, ta yi wa maraƙar wanka tas tun daga kunne har wutsiya. Dada tana tsaye tana gani. Na tambaye ta daga baya me ya hana ta magana, ta ce da wane baki, ita ba Turanci, mai fassara yana masallaci, kuma yaya za ta fizge abu daga hannun baƙuwar da ke cikin gidanta tana murmushi? Ta ce ta dai yi ta tafa hannu tana salati, baƙuwar ta ɗauka yaba mata take yi, ta ƙara sabulu.

Da Wule ta dawo ta sunkuya ta shinshina 'yarta sau ɗaya, ta ja da baya tana huci. Maraƙar ta taso tana layi ta nufi hantsa, uwar ta sa ƙafa ta ture ta. Ta sake tasowa, uwar ta kai mata ƙaho. Saniya da hanci take sanin ɗanta, balle mai haihuwar fari da ba ta saba ba. Wule ta bar 'yarta a gabanta tana zagaya turke tana kuka tana neman 'yarta.

Tun daga ranar ba mu huta ba. Mukan yi wa Wule dabaibayi, Dabo ya riƙe ƙaho, ni in kai bakin maraƙar kan nono, amma sai ta ɗauke nonon sama, abin da ke fita bai kai a faɗa ba. Dakashi, wato nonon farko da ya kamata ta sha ta ƙoshi, kaɗan ta samu. Mun gwada ta a jikin wata saniyar, ita ma ta ƙi. Malamin dabbobi ya zo ya ce a riƙa ba ta madara a bulumboti, muna yi, amma tana zawo, idonta ya faɗa, jiya da ƙyar ta tashi tsaye. Mun wanke ta da ruwa zalla, ƙanshin nan yana nan kamar an dafa ta da shi. Dabo ya ce ko shi da yake mutum in ya matso sai ya ji kamar ya shiga kantin turare.

Jiya Dabo ya ja ni gefe ya ce akwai wata maraƙa a garkensa, ja ce ita ma, kwana kaɗan ta girmi wannan, a musanya shiru ba wanda zai sani, in ta mutu a ce tasa ce ta mutu. Na san don ƙauna ya faɗa. Na ce masa na ambaci cikin Wule a gaban liman, ba zan fara wa yarinya dukiyarta da ƙarya ba, kuma kawunnan Murjanatu makiyaya ne, kallo ɗaya za su yi wa goshin su gane. Ya ce to in shirya jin maganar tsofaffin Nangere. Ina zaune yanzu a zaure ina jin kukan Wule, in ta yi shiru kuma sai in tashi in leƙa ko maraƙar ce ta cika. Ban faɗa maka don in tayar maka da hankali ba. Ka sa mu a addu'a, kuma kada ka gaya wa mai jego tukuna, kada nononta ita ma ya ɗauke. Gobe ranar kasuwa zan ba direba takardar nan.

Na ci gaba yau Laraba, don abin da ya faru da safe ba zai bari in rufe takarda haka ba. Ashe da Zarami ya gaya wa Hilda abin da wankanta ya jawo, ta ƙi bin 'yan'uwanta Gashuwa, ta zauna a masauki ba ta ko cin abinci. Da hantsi sai ga su, ita da Zarami, fuskarta duk ta kumbura. Ta sa ya tambaya ko akwai abin da za ta biya. Kafin in buɗe baki Dada ta riga ni, ita da ta kasa magana ranar Asabar. Ta ce a gaya mata ba a biya, amma tun da ta zo garin nan don ta sa hannu a aiki, ga aiki, hannun da ya cire warin shi zai mayar. Ashe Dada ta tuno wata tsohuwar dabarar makiyaya, ta riga ta tari fitsarin Wule a tsohuwar ƙwarya tun da asuba, ta tatsi ɗan abin da ta samu na nononta, ta haɗa da ɗanyen kashinta da gishiri da dusa. Ta tuɓe wa baƙuwar agogo, ta wanke mata hannu da toka, ta ɗaura mata tsohon zanenta na tatsa mai warin hayaƙi, ta nuna mata ƙwaryar. Zarami ya ce shi wannan ba ya cikin abin da ya saba nuna wa baƙi. Dada ta ce ya ƙara shi, kyauta ne.

Wallahi matar nan ba ta yamutsa fuska ba. Ta durƙusa ta cusa hannu biyu ta shafe maraƙar tun daga goshi har gindin wutsiya, yadda ta yi mata da sabulu, Dada tana kama hannunta tana kai shi bayan kunne da ƙarƙashin ciki. Muka sa kowa ya ja baya, Dabo ya kwance Wule ba dabaibayi. Ta zo ta tsaya a kan maraƙar ta daɗe tana huci. Ni dai na kama ginshiƙin rumfa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Sai ta zaro harshe ta lashi gishirin da ke gadon bayan. Ta tsaya. Ta sake lasa, ta koma wuya, ta koma goshi, har ta kusa kayar da ita. Maraƙar ta lallaɓa ta kama nono, Wule ta ɗaga ƙafa, sai ta mayar da ƙafar ƙasa ta tsaya cik. Mun ji ƙarar tsotso har inda muke. Hilda ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka, hannu duk kashin shanu, Dada tana bubbuga bayanta tana ce mata sannu da Fulatanci.

Ban ce an tsira ba. Zawon maraƙar bai tsaya ba, kuma har yanzu ƙafafunta na rawa. Dabo ya ce sai ta ga watan azumi da ƙafarta zai yarda. Amma ta sha ta ƙoshi, uwarta kuma ba ta bari ko kaza ta matso kusa da ita. Yanzu kana iya gaya wa Murjanatu.

Dada tana gaishe ku, ta ce a riƙa ba mai jego kunun kanwa da zafinsa. Dabo da iyalinsa suna gaisuwa, haka Bilkisu da maigidanta, da Fanne, da Ya Kaka ta maƙwabta. Ka gaishe mini da maigidanka Alhaji Hussain da duk 'yan Potiskum da kuke aiki tare a mayankar Fatakwal. Direba yana ta danna ƙaho a waje.

Saura roƙo ɗaya. In Allah Ya kai mu sallah ku kawo mini amaryata, ta zo ta ga dukiyarta. Ka ce wa Murjanatu ranar da za ku iso kada ta shafa mata hoda, kada ta sa mata turare. Ban taɓa ganin yarinyar nan ba, so nake in ɗauke ta in shinshina wuyanta in ji tawa ce.

Allah Ya yi muku albarka, Ya sada mu da alheri.

Ni ne mahaifinka,
Bobbo