Gada a Bayan Ɗakin Baba

Laraba, bayan sallar isha'i

Yau gada ta shigo gidanmu. Da hantsi na tarar da ita a bayan ɗakin Baba tana cin zogalen Inna hankali kwance, kamar wadda aka aika wa goron gayyata. Kafin in ɗauko waya ta tsallake ta inda katanga ta zube. Ba ita ce ta farko da aka gani a unguwarmu ta Gidan Dare bana ba.

Inna ta zauna dirshan a tsakar gida. "Naman daji ba ya shigowa gida banza, ɗiyata, sai in mutuwa na tahe. Kuma bayan ɗakin babanki ta tsaya, ga shi ba lahiya."

Na yi mata bayani irin na 'yan jami'a. Dajin da muke tsinkar magarya muna yara ya zama bulo da kwano, har da filin da na saya. Gari ne ya je ya tarar da gadar. Inna ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Kin ƙare? To ɗauko turmi." Muka daka gumba, aka raba wa maƙwabta sadaka. Ni na daka rabi, da digirina, ina dariya a raina.

Amma da la'asar Baba ya yi barci mai nauyi, tarin nan nasa ya yi tsit. Sai ga ni tsaye a bakin ƙofarsa, ina kallon rigarsa tana ɗagawa tana sauka. Na daɗe a wurin. Da na juyo, ashe Inna na bayana.

Ba ta tambaye ni abin da jami'a ta ce a kan wannan ba. Allah ya saka mata da alheri.