Kifin da Kika Juya

Zuwa ga Yun-ru, sanyin idona, ganyen shayin farkon damina, hazon dutse da ya sauko har bakin teku ya rikita ɗan masunta.

A cikin jirgin fito nake rubuta miki, don haka ki yafe wa hannuna. Tun safe nake ƙetarewa daga tsibirinmu na Chijin zuwa gaɓar birni, in sauka tare da masu babura, in leƙa fuskar duk macen da ke layi, in sake komawa. Baba Tiong mai ɗaure igiyar jirgi har ya gaji da ni. Ɗazu ya ce, “Kai Kun-hai, ko a kawo maka tabarma ne? Wadda ta gudu daga kifi ai ba za ta dawo wa mai ƙarnin kifi ba.” Na yi dariyar yaƙe, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Wannan ɗan ruwan fa, Yun-ru! Kafin ki gama shan shayi an ƙetare. Yaya aka yi ya fi tekun da zan shiga faɗi?

Kin tuna ranar da na ɗauko ki ki gaida Inna? Kin tsaya a gaban jirgi kin rungume gwangwanin shayin gonarku, iska tana wasa da gashinki, kina tambayata ko da gaske mutane ke kwana a kan wannan siririn yashi. Jirgi ya ɗan girgiza, kika damƙe hannun rigata, kika ƙi saki har muka sauka. Da na san abin da ke jiranmu, da na roƙi direba ya yi ta yawo da mu har yamma.

Inna ta dafa babban kifi sukutum saboda ke. Muka cinye gefe guda, ke kuma, don ki nuna ladabi, kika sa tsinken cin abinci kika juya shi ki miƙa mata tsoka. Inna ta ajiye kwanonta, ta tashi ta kunna turare a gaban hoton ƙanenta da teku ya ci. Ina za ki sani, ’yar masu noman shayi, cewa a gidan masunta wanda ya juya kifi jirgi ya kifar? Da aka gaya miki, fuskarki ta yi fari fat, don kin san ranar Asabar zan bi jirgin kamun kifi zuwa teku mai nisa, sai bayan wata da watanni. Kika fita da gudu. Na iso gaɓa jirgi ya riga ya ja baya, bayanki kawai na gani.

Tun ranar kin rufe waya. Na san ba fushi kike yi ba, tsoro ne ke cin ki. Kina ganin in kin janye jikinki, masifar za ta biyo ki ta bar ni. Haba farin watana, wa ya gaya miki rashinki kariya ne? Ban iya zama, ban iya ci, ragar da na ɗinke jiya sai da na warware ta.

Inna ba mai yawan magana ba ce, amma yau da safe tana wanke shinkafa ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, “Ka ce wa yarinyar nan ta zo in koya mata yadda ake ɗaga ƙayar kifi a ci tsokar ƙasa ba tare da an juya shi ba. Ba na son suruka mai gudu.” Suruka ta ce, Yun-ru. Da kunnena na ji.

Ki zo kafin Asabar, ina roƙonki. Ni ba na tsoron teku, a cikinsa na girma, kuma na san yana cin wanda ya ga dama ko an juya kifi ko ba a juya ba. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne in tafi in bar ki kina kallon sama, kina ɗora wa kanki kowace guguwa. Ina so ki ji daga bakina, a gaban Inna, cewa duk abin da teku ya yi da ni, babu hannunki a ciki.

Naki, a kan tudu ko a kan ruwa, muddin ina numfashi,

Kun-hai